Soson Waya a Kan Motar Malam

Akwai wani magidanci a Ƙofar Wambai, nan cikin garin Bauchi, sunansa Mudathir. Ba mugu ba ne, wallahi, sai dai irin mutanen nan ne da in suka kalli bidiyon minti biyar a waya, shi ke nan, sun fi mai sana'ar sanin sana'arsa. Har yanzu in na tuna labarinsa sai takaici ya kama ni.

Mahaifinsa, Malam Bashir, ya rasu ya bar wata tsohuwar Fijo shuɗiya. Shekara talatin yana hawanta, ba ta taɓa zuwa wurin mai fenti ba. Launin da ta zo da shi, shi ne a jikinta. An yi an yi da mahaifiyar Mudathir, Hajiya Maimuna, ta sayar, ta ce ko kusa. Abin da ya rage mata na mijinta ke nan, kuma yadda ya bar ta haka take so ta riƙa ganinta.

Da bazara ta yi, Hajiya ta tafi Azare sunan jikarta. Ta miƙa wa Mudathir makulli, ta ce, "Amana ce. Ka kular min da ita har in dawo."

To, a nan gizo ya fara saƙarsa. Mudathir ya ci karo da bidiyon wani man kare fenti da ake ce wa silant. A shafa, a goge, mota ta yi ƙyalli, rana da ruwan sama ba su cin launinta. Nan take ya ce ai shi ma zai ba Umma mamaki. Ya je ya sayo kwalba guda.

Ranar Asabar, wajen ƙarfe sha biyu, ya turo motar daga rumfa zuwa ƙofar gida, tsakiyar rana. Wai don ya fi ganin aikinsa da kyau. Ranar Bauchi fa ta watan Afrilu, wadda ko takalmin roba sai ya yi laushi! Bai wanke motar ba, ya dai karkaɗe ta da tsumma, ya buɗe kwalba.

Yana cikin haka sai ga Baba Andrawus a kan babur. Dattijo ne mutumin Bogoro, mai fentin mota, abokin marigayi tun suna samari. Ya tsaya suka gaisa, ya ɗora tafin hannunsa a bonet, ya janye da sauri.

Ya ce, "Kai, ɗana, wannan ƙarfen ai sai a soya ƙwai a kai. Mai da ta inuwa ta huce. Ka wanke ta tas, ta bushe. Sannan ka ɗiga kaɗan a soso, ka shafa siriri, gefe ɗaya, ka goge kafin ka wuce gaba."

Mudathir ya yi 'yar dariya. "Baba, wannan ba irin kayanku na da ba ne. Na zamani ne. Na ga yadda ake yi."

"Na zamani ko na da, rana dai ɗaya ce. Ko ka bari da yamma in zo mu yi tare?"

"Haba Baba, shafa mai kawai? Kada ka wahalar da kanka."

Baba Andrawus ya dubi motar, ya dubi Mudathir, ya girgiza kai. Ya ce, "To, Allah ya taimaka." Ya ja babur ɗinsa ya tafi.

Ku ji abin da bawan Allahn nan ya yi. A tunaninsa, yawan mai shi ne yawan ƙyalli. Ya riƙa kwarara shi yana laftawa, bonet, rufi, ƙofofi, but ɗin baya, har kwalbar ta ƙare ƙaf. Da aka kira azahar ya ce bari ya bar shi ya shiga jiki sosai. Ya tafi masallaci, ya dawo ya zauna ya ci dambunsa hankali kwance.

Da ya fito, sai ya tsaya cak. Motar ta yi fari fat, shafe-shafe ko'ina, kamar an watsa mata koko ya bushe.

Ya ɗauko tawul ya goga, ko gezau. Ya ƙara ƙarfi, tawul ɗin ya riƙa maƙalewa. Ya zuba ruwa, ruwan ya gangare ya bar shi da farinsa. Ya kaɗa garin sabulu ya wanke, a banza. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, yana goga yana tsaki yana tsine wa mai bidiyo, kamar mai bidiyon ne ya ce ya yi a rana.

Matarsa Rukayya ta leƙo ta ce, "Abban Hanif, don Allah ka kira Baba Andrawus mana. Gobe fa Umma za ta dawo."

Ya daka mata tsawa. "In kira shi ya yi min dariya? Miƙo min soson waya!"

"Soson tukunya? A motar Malam?"

"Na ce ki miƙo min!"

Innalillahi. Ni dai nan ne ya ƙarasa ƙona min rai. Lambar Baba tana cikin wayarsa, amma girman kai ya hana shi dannawa. Ya durƙusa a kan bonet da soson waya, ya dirza iya ƙarfinsa. Farin ya fara fita, har ya yi murmushi, ya ƙara himma. Sai da ya cinye rabin bonet sannan ya ɗauraye.

Farin ya tafi kam, amma ya tafi da shuɗin. Zane-zane rututu, wani wurin har fentin ƙasa mai ruwan toka ya leƙo. Mudathir ya zauna daɓas a ƙasa, ya riƙe kai.

Rukayya ce ta kira Baba Andrawus da kanta. Dattijon ya zo bayan la'asar da kayan aikinsa. Bai yi dariya ba, bai kuma ce ai na faɗa maka ba. Suka tura motar inuwa, ya jira ta huce, ya bi rufi da ƙofofi da but da folish, man goge fenti, a hankali. Kafin magariba duk farin ya fita, suna sheƙi.

Mudathir ya ce, "Baba, bonet ɗin fa?"

Baba ya shafa wurin da yatsa. "Man da ya bushe ba komai ba ne, ka ga dai ya fita. Amma abin da soso ya kankare ya tafi, ɗana."

Washegari da hantsi Hajiya ta sauka daga Keke Napep. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta nufi rumfa. Baba Andrawus na tsaye, don ya ƙi barin Mudathir ya fuskance ta shi kaɗai. Ta daɗe tana kallon bonet ɗin.

Ta ce, "Malam Andrawus, yana gyaruwa?"

"Zan iya fesa sabo, Hajiya, in haɗa launin ya yi kusa. Amma ba zai zama wanda abokina ya bari ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Mudathir ya durƙusa. "Umma, ki yafe min. So na yi in faranta miki."

Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta mare shi, da ya fi masa sauƙi. Ta share hawaye da gefen hijabinta, ta miƙa hannu.

"Na yafe maka. Ba ni makullin."

Ya miƙa mata. Ta juya ta danƙa wa Baba Andrawus, a gaban ɗanta na cikinta, ta ce, "Daga yau in zan yi tafiya, a hannunka zai riƙa kwana."

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin sani. In mai sana'a ya ce maka dakata, ka dakata. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka tsaya nan ka nemi taimako, don sau da yawa ɓarnar farko tana gyaruwa, ta biyun da girman kai ke jawowa ita ce ba ta da magani. Garin neman gira ake rasa ido. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wancan da kuka sani ba a faɗa masa ya ji.