Koren Dutse a Turmin Gero

Akwai wani mutum, maƙerin tagulla, da ya tsinci wani koren dutse a tsohon ramin masu haƙa. Bai taɓa ganin irinsa ba, sai ƙyalli yake yi kamar ganye bayan ruwa. Ya san koren dutse yakan ɓoye jan ƙarfe, sai ya kai shi gida da murna, ya ari turmin matarsa, ya daka shi lukui, ya zuba a wuta.

Jan ƙarfe kam ya fito. Amma wani farin hayaƙi ya tashi tare da shi, mai warin tafarnuwa. Matar kuwa ta ɗauraye turmin, ta daka gero, ta yi tuwo, suka ci. Kashegari su biyun cikinsu yana murɗa, ga amai.

Wani tsohon maƙeri ya zo gaishe su. Da ya ji zancen warin, ya ce, “Ɗana, jan ƙarfe ne da guba a haɗe cikin dutsen nan, gubar da masu ilimi ke kira asanik. A ina ka daka?”

Mutumin ya nuna turmin.

“Ku je asibiti yau. Turmin kuma a binne shi nesa da rijiya. Kada a ƙona, hayaƙinsa ma guba ne.”

“Baba, ba za a sake wankewa ba? Na uwarta ne fa.”

“Garin dutsen ya shige tsagar itacen. Wanki kuma na nawa?”

Matar ta shafa bakin turmin, ta naɗa gammo. Ta ce, “Maigida, aza mini. Kai ɗauko fartanya da sauran dutsenka. Don in ciyar da gida aka ba ni turmin nan, ba don in kashe mu ba.” Suka binne, suka wuce asibiti, suka rayu.

Ma’anar wannan misali ita ce, jikokina: zunubi ba ya zuwa da muni. Yana zuwa da kyau, har da ɗan amfani a ciki, shi ya sa muke kawo shi gida da hannunmu. Turmin kuwa shi ne abin da muke ƙauna wanda gubar ta riga ta shiga, ko abota ce, ko sana’a, ko wurin hira. Ubangiji yana gafartawa, yana warkarwa, amma ba zai ɗaukar maka turmin ba. Kada ka ce mini za ka ɗauraye. Ni ma na binne nawa. Na yi kuka, amma ban koma na tono ba.