Gidan Tsutsa a Gindin Rumbu

Akwai wata mata mai kaɗin zaren tsamiya, irin wanda ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Zaren daga gidan da tsutsotsi ke saƙa wa kansu a bishiyar tsamiya yake fitowa. Akan ciro gidan, a dafa shi da toka, tsutsotsin su mutu, zare ya samu. Mutanen garin suka yi ta cira suna dafawa, ba mai barin iri. Da tsutsa ta yi wuya, sai suka ce zamani ne ya lalace.

Wata shekara bayan kaka, matar ta zaga daji kaf, gida ɗaya tak ta samo. Ta san in ta dafa shi, kaɗinta na ƙarshe ke nan. Sai ta rataye shi a gindin rumbu, ta kewaye wurin da toka saboda tururuwa, ta kifa tsohon kwando saboda kaji.

Sanyi ya sauka. Kowace safiya sai ta sabunta tokar. Gidan kuwa shiru, kamar busasshen ƙullin tsumma.

Mijinta ya ce, "Uwargida, baƙin nan naki ba su cika surutu ba."

Ta ce, "Shi ya sa nake son su, Maigida."

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, shiru dai. Ran nan ya miƙo mata wuƙa. "Tsaga kaɗan mu gani. In sun mutu, ki huta da ɗiban toka."

Ta karɓi wuƙar, don ita ma tambayar ta daɗe tana cin ta. Ta daɗe a tsugune. Sa'an nan ta mayar masa. "In na tsaga, abin da zan sani kawai shi ne jiya suna da rai."

Da ruwan fari ya sauka, ta mai da gidan kan tsamiya ta ɗaure. Bayan 'yan kwanaki tsutsotsin suka fito da fukafukai, ƙanana, masu launin ƙasa, ba abin da za a kira maƙwabta su gani.

Mijin ya ce, "Su ke nan?"

Ta ce, "Su ke nan."

Kafin kaka, rassan tsamiyar sun cika da gidaje.

Ma'anar misalin ita ce: gidan tsutsar nan zuciyar wanda kuka shuka wa Maganar Allah ce, ɗanku ne ko ɗan'uwa da ya yi sanyi. Tokar da kwandon su ne addu'a da kulawa, aikin da ba a yaba wa kowa a kansa. Wuƙar kuwa ita ce titsiyen da muke yi wa mutum, mu ce lalle sai ya nuna mana bangaskiyarsa yau. Ban ce kowane gida zai fashe ba. Matar ma ba ta sani ba. Rai na Ubangiji ne. Naku toka ne, kowace safiya. Wuƙa kuwa, a bar ta a kube.