Barista da Jajayen Takardun Auta

Akwai wani matashin lauya da kowa ke kira Barista, har mahaifiyarsa. Tun ranar da ya fara sa baƙar riga da farin gashin nan na lauyoyi, sunansa na yanka ya ɓace a gidan. Maganar gaskiya, Allah ya ba shi baki. Idan ya miƙe a kotu ya gyara wuyan riga, har mai shara yakan jingina tsintsiya ya saurara. Aibinsa biyu ne: ba ya son dogon karatu, kuma ba ya son a yabi kowa a gabansa.

Yana da ƙanwa, ita ce ƙarama a gidansu, ana ce mata Auta. Ita ma shari'a ta karanta, amma da ta gama sai ta ce ba ta sha'awar tsayuwa gaban alƙali, ta ƙara da karatun kula da laburare. Ta sami aiki a ofishin lauyoyin da yayanta yake, a wani dogon ɗaki na hawa na biyu, mai kantoci har rufi da fanka ɗaya mai ƙara.

Barista ya sami abin tsokana. Kullum in suna cin abinci a gida sai ya ce, "Mama, ki ga ikon Allah. Shekara da shekaru ana karatun shari'a, an ƙare a sharar ƙurar littafi."

Auta takan yi dariya ta ce, "To Yaya, ai dole wani ya share, kada ku riƙa atishawa gaban alƙali."

Ga waɗanda ba su san aikin ba, bari in yi muku bayani kaɗan. Lauya ba da bakinsa kawai yake cin shari'a ba. Dole ya kawo wa alƙali hukuncin da wata babbar kotu ta taɓa yankewa a kan irin maganarsa. To amma hukunci yana mutuwa. Kotun da ta fi girma takan zo daga baya ta soke shi, shi kuwa littafin yana nan a kanta da kyakkyawan bangonsa, ba zai buɗe baki ya gaya maka ba.

Nan aikin Auta yake. Duk mako tana bin sababbin hukunce-hukunce. Idan ta ga an soke wani tsoho, sai ta yanki 'yar jar takarda kamar tsawon yatsa, ta rubuta sunan hukuncin, ta ƙara da cewa, "An soke wannan, duba littafi kaza, shafi kaza," ta manna a gefen shafin. Sannan ta shigar da bayanin a kwamfuta, don a hankali tana kwashe duk abin da ke ɗakin tana zubawa a ciki.

Shugaban ofishin, wani dattijon lauya da suke kira Maigida, shi ya fara gane darajarta. Ba ya fita kotu sai ya hau bene ya tambaye ta. Wata rana a taron safe, a gaban kowa, ya ce, "Jiya yarinyar nan ta fitar da ni kunya. Jar takardarta guda ta fi mini lauya uku."

Kowa ya yi dariya, ban da Barista. Ji ya yi kamar da shi ake.

Daga ranar abin ya fara cinsa. Lauyoyin wasu ofisoshi suka riƙa kiran wayar Auta suna neman taimako. A gida, maƙwabciyarsu da ta saba cewa "Maman Barista" ta shigo wata rana tana cewa, "Ina Maman Auta? An ce manyan lauyoyi layi suke bi a ƙofarta." Mama ta washe baki don daɗi. Barista ya ture kwanon abincinsa ya ce ya ƙoshi.

Sai ga babbar magana. Maigida ya ce zai buɗe sashen bincike, da kwamfutoci da ma'aikata, kuma mutum ɗaya zai ɗora a kai kafin ƙarshen wata uku. Duk wanda ya hau kujerar nan, shi ne na hannun daman Maigida, kuma babu takardar da za ta tafi kotu sai ta bi ta teburinsa. Bai faɗi suna ba, amma idonsa ya faɗa.

Barista ya kasa haɗiye wannan. Shi da ya koya wa yarinyar nan ɗaura igiyar takalmi, shi ne zai riƙa kai mata takarda ta duba masa? Kishi ne tsagwaronsa, kuma shi kansa ya san kishi ne, amma ya raɗa masa suna kare mutunci.

Wata ranar Laraba ya dawo daga kotu da azahar, ya leƙa laburare ya tarar Auta ta tafi salla. Ya tsaya gaban kantar littattafan shari'ar filaye, inda Maigida ya fi ɗauka. Ya jawo littafi, ya ga jar takarda ta leƙo, ya fizge. Ya jawo wani, ya fizge. Guda huɗu ya cire, yana yi yana waigen ƙofa. Ko kallon abin da aka rubuta bai yi ba, balle ya duba wane littafi ne. Ya cusa su a aljihun ciki na baƙar kwat ɗinsa ya sauko yana fito.

Lissafinsa shi ne Maigida zai dogara da mataccen hukunci, ya sha kunya a kotu, ya dawo ya sauke fushinsa a kan Auta. Mako ɗaya ya wuce, biyu, shida, shiru kake ji. Har shi kansa ya daina tunawa da maganar.

Ana nan sai aka kawo ƙarar wani tsohon kafinta. Shekara talatin yana aiki a wani ɗan fili a bakin titi, sai wani kamfani ya fito da takarda ya ce filin nasa ne. Maigida ya kira Barista ya miƙa masa fayil ɗin, ya ce, "Ga wannan. Ina son in ga yadda kake bincike da kanka."

Barista ya ga dama ta samu. Ya hau laburare ya wuce teburin ƙanwarsa kamar bai gan ta ba. Bayan awa biyu ya ci karo da wani hukunci da ya yi daidai da maganar kafinta kamar an auna. Ya duba gefen shafin, babu jar takarda. Ya rufe littafin yana murmushi.

Auta ta ɗago kai ta ce, "Yaya, kawo sunan hukuncin in duba maka a kwamfuta. Minti biyar ne."

"Ki riƙe minti biyar ɗinki," in ji shi. "Tun kina rarrafe nake karatu."

"Ba raini ba ne, Yaya. Ko Maigida ana duba masa."

"To ni ba Maigida ba ne. Ci gaba da shararki."

Ya sa littafin a hammata ya fita. Auta ta bi shi da ido, ta koma kan aikinta.

Ranar shari'a kafinta ya zo da wuri, ya sa tufafinsa mafi kyau, hannuwansa duk sun yi kanta saboda aiki. Ya riƙe hannun Barista ya ce, "Ɗana, wurin nan da shi na ciyar da 'ya'ya bakwai. Bayan Allah sai kai."

Barista ya miƙe ya zuba magana ta kusan rabin awa. Ya karanto hukuncin nan da murya mai daɗi, ya zauna yana jin kansa a sama.

Lauyar kamfanin, wata mace mai sanyin murya, ta miƙe a hankali. Ta ce, "Ya mai shari'a, hukuncin da abokin aikina ya gina duk maganarsa a kai, kotun ƙoli ta soke shi shekara biyu da suka wuce. Ga kwafi."

Aka miƙa kwafin. Alƙali ya karanta, ya zare tabarau, ya dubi Barista ya ce, "Lauya, gawa ka ɗauko ka kawo mini shaida? Ba don tsohon nan ba da yau na kori ƙarar. Na ba ka mako biyu."

Gumi ya karyo wa Barista. Ya sa hannu a aljihun ciki yana neman hankici, sai yatsunsa suka taɓa wasu 'yan takardu da suka dunƙule. Ya ɗan zaro su a ƙarƙashin tebur. Jajaye ne, guda huɗu. Ta saman tana ɗauke da rubutun Auta, ƙanana a tsare, da sunan hukuncin da ya gama karantawa yanzun nan.

Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Shi nasa ko auna zurfinsa bai yi ba.

Labari ya riga shi isa ofis. Maigida ya sa aka kira su duka biyun, littafin yana buɗe a gabansa. Ya dubi Auta ya ce, "Ina jar takarda? Ke na amince wa. Yau saura ƙiris tsoho ya rasa wurin sana'arsa saboda sakacinki."

Auta ta sunkuya ta dubi shafin. Ta shafa gefensa da yatsa, ta ji busasshen gam da ɗan guntun ja da ya maƙale. Ta ɗago ta dubi yayanta sau ɗaya, ta ga yadda ya dafe ƙirjin kwat ɗinsa da hannu. Sannan ta ce, "Maigida, littattafan a hannuna suke. Duk abin da ya same su, ni za a tambaya. Ka yi haƙuri."

"To ki cire rai da kujerar nan," in ji Maigida. "Ku tafi."

Abin da Barista ya yi wata biyu yana fata ke nan, ga shi ya samu. Amma da ya koma ofishinsa bai ji daɗin komai ba. Ya kasa zama, ya hau bene.

Ya tarar da Auta ta sauke littattafan kantar filaye gaba ɗaya a ƙasa, tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa da abin da ke kwamfuta. Idonta ya yi ja. Ba ta juyo ba ta ce, "Yaya, guda nawa ne?"

Ya tsaya a bakin ƙofa, ita kuwa ta ci gaba.

"Ba zan gaya wa kowa ba, ko Mama. Ka faɗa mini littattafan kawai. Gobe wani zai ɗauka ya tafi kotu da shari'ar wani bawan Allah."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya ce da ƙyar, "Ban san waɗanne ba ne. Ban duba ba."

Ya zaro takardun huɗu ya ajiye a teburinta. Ta warware su, ta shafe su da tafin hannu, ta jawo kwalbar gam. Ta buɗe murfinta. Ta ce, "Ni fa ban taɓa son in fi ka ba. Duk ranar da ka ci shari'a, ni nake fara kiran Mama in gaya mata."

Barista ya kasa haɗa ido da ita. Ya miƙa hannu ya kwashe takardun kafin ta manna, ya sauka, ya ƙwanƙwasa ƙofar Maigida. Ya jera su a kan tebur ya faɗi komai, bai rage ko ɗaya ba.

Maigida ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Da wani ne ya kawo mini wannan labari, da yau ka bar ofishin nan. Tunda ƙafarka ce ta kawo ka, ga hukuncina. Wata shida ba ka shiga kotu. Za ka zauna a laburare, kuma shugabar sashen bincike ce za ta riƙa ba ka aiki." Ya ɗauki waya ya kira Auta, ya ba ta haƙuri da bakinsa, ya ce kujerar tata ce.

Cikin kwana huɗu Auta ta tono wani hukunci mai rai da ya tsaya wa kafinta. Maigida da kansa ya je kotu da shi, kuma tsohon yana nan a filinsa yana sassaƙa katako. Har kujera ya ƙera ya aiko wa Auta, ya ce a ba yarinyar da ba ta taɓa ganinsa ba amma ta tsaya masa.

Shi kuwa Barista, ranar da ya fara aiki a hawa na biyu, Auta ta miƙa masa almakashi da jar takarda da kwalbar gam. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Daga ina zan fara, ranki ya daɗe?"

Ta nuna masa kantar filaye ta ce, "Daga inda ka tsaya, Yaya. Amma wannan karon ka karanta kafin ka taɓa."

Darasi: Hassada ga mai rabo taki ce, mai yin ta kuwa shi yake fara faɗawa ramin da ya haƙa. Kada ka raina aikin da ake yi a bayan fage, domin mai manna 'yar takarda a gefen shafi yana iya zama shi ne ke rufa maka asiri ba ka sani ba. Idan ɗan'uwanka ya samu ɗaukaka, ka taya shi murna, rabonsa bai rage naka da komai ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, wataƙila akwai mai jar takarda a aljihu da yake buƙatar ya karanta wannan yau.