Wanzamin Ƙarya a Garin Murjani

Bayan an ci tuwo, yara suka kewaye Kaka Kuluwa a tsakar gida. Ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku. Ta yau daga ƙarƙashin ruwa ta fito."

Yara suka ce, "Ta zo mu ji ta, ko a jiƙe take!"

Kaka ta ce:

Can cikin tekun Maliya, wanda a da alhazai suke ƙetarewa da jirgin ruwa, akwai wani garin kifaye. Sunansa Murjani, don gidajensa duk na dutsen murjani ne, mai rassa kamar ƙahon barewa. Ruwan wurin da ɗumi yake rani da damina.

A garin akwai wani ɗan kifi, bai fi yatsana ba, sunansa Tanimu. Rigarsa shuɗiya ce, da baƙin zane tun daga baki har wutsiya. Shi ne wanzamin garin. Kifi ba shi da gashi, saboda haka abin da yake askewa shi ne ƙwarƙwatar ruwa, da mataccen ɓawo, da guntun abinci da ya maƙale a haƙora. Abin da ya cire kuwa shi ne abincinsa. Manyan kifaye sai su jeru a ƙofarsa. Wannan ya hangame baki, Tanimu ya shiga ya gyara, ya fito ta kunne. Ba mai haɗiye shi. Kafin ya fara aiki kuma sai ya yi 'yar rawa, yana kaɗa wutsiya yana waƙa:

"Buɗe baki, buɗe kunne,
Ga wanzami, ba ya cizo."

To, akwai wani ɗan kifi kuma, Barmo. Tsawonsu ɗaya da Tanimu, rigarsu iri ɗaya. Sai dai Barmo rago ne, ga kwaɗayi. Shi ba ya son ƙwarƙwata, tsoka yake so. Kullum sai ya laɓe bayan dutse yana kallon Tanimu, har ya iya rawar, ya haddace waƙar.

Wata rana aka aiko wa Tanimu ya zo askin suna. Malam Dokin-teku ne ya haihu, 'ya'ya ɗari biyu.

Ladidi ta ce, "Kaka, Malam ne ya haihu?"

Kaka ta ce, "Shi fa. Su a danginsu namiji ke ɗaukar ciki. Matarsa tana zaune tana karɓar barka. Ki bar ni in ci gaba."

Askin 'ya'ya ɗari biyu ba aikin yini ɗaya ba ne. Sai Tanimu ya rataya zabira, ya tafi kwana uku. Yana ba da baya, sai Barmo ya zo ya tsaya a ƙofarsa.

Ranar farko sai ga Goggo Aku. Ita kifi ce koriya shar, bakinta irin na aku. Dutse take gurgura, in ta zagaya kuma rairayi take zubarwa. Ta ce, "Tanimu, gyara mini wutsiya, gobe akwai buki."

Barmo ya yi rawa ya yi waƙa. Ya ce, "Juya, Goggo." Sai ta juya. Sai ya gatso wutsiyar, gatsau!

Ta ce, "Wayyo ni! Tanimu, me ke nan?"

Ya ce, "Yi haƙuri, Goggo, sabuwar aska ce."

Goggo Aku ta tafi da guntuwar wutsiya, tana tafe tana karkacewa. Don firgita, rairayi ta riƙa zubarwa tun daga nan har gida.

Rana ta biyu sai ga Malam Faifai. Shi shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, idanunsa biyu duk a gefe ɗaya suke. A ƙasa yake kwanciya, kuma in ya kwanta sai jikinsa ya koma launin wurin, ko uwarsa ba ta gane shi. Ya ce, "Tanimu, bayana ke ƙaiƙayi."

Barmo ya yi rawa ya yi waƙa. Ya ce, "Wane gefe, Malam? Mai ido ko marar ido?"

Ya ce, "Marar ido."

Barmo ya ce a ransa, madalla. Sai ya zagaya, ya gatso, gatsau!

Malam Faifai ya ce, "Subhanallahi! Me ka yi mini?"

Ya ce, "Ƙaho na yi maka, Malam. Jini ya yi maka yawa."

Malam Faifai ya sulale ƙasa, ya koma launin rairayi, ya kwanta yana kallon sama yana fushi.

Rana ta uku sai ga Talibambam. Ɗan duƙurƙusa ne, mai manyan idanu, ba ya sauri ko kaɗan. Ya ce, "Tanimu, duba mini ciki, kamar wani abu ya manne."

Barmo ya ga cikin nan fari sumul. Yawu ya tsinke masa, ko rawar bai ƙarasa ba. Sai ya gatso, gatsau!

Ashe Talibambam in ya tsorata ruwa yake haɗiya. Sai ya haɗiya, ya haɗiya, ya kumbura kamar tulu. Ƙayoyi suka miƙe masa ko'ina. Ɗaya ta soki Barmo a hanci. Ga shi kuma naman Talibambam dafi ne da shi. Nan take leɓen Barmo ya mutu, harshensa ya yi nauyi. Sai ya ranta a na kare. Shi kuwa Talibambam ya riƙa gangarawa kamar ƙwallo. Da ya kai gida ƙofa ta ƙi shi, sai la'asar ya sace ya shiga.

Kashegari Tanimu ya dawo a gajiye. Ko zabira bai sauke ba, sai dogarai suka yi caraf da shi, sai fada. Sarkin garin shi ne Sarki Hangamau. Bakinsa kaɗai ya kai ƙofar zaure. Ga Goggo Aku a gefe tana nuna wutsiya, ga Talibambam yana nuna ciki.

Sarki ya ce, "Tanimu, mun ba ka bakinmu, mun ba ka kunnenmu, sai ka koma cin mu?"

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, kwana uku ba na gari. A tambayi Malam Dokin-teku."

Aka aika. Ɗan aike ya dawo ya ce, "Ranka ya daɗe, Malam yana jego, ba ya fita sai ya yi arba'in."

Goggo Aku ta ce, "Shi ne, ranka ya daɗe! Rigarsa ce, rawarsa ce, waƙarsa ce."

Sarki ya ce, "To shi ke nan. Yau za ka shiga bakina, amma ba za ka fito ta kunne ba."

Tanimu ya fara kuka. Sarki ya hangame baki. Sai aka ji wata murya daga ƙasa tana cewa, "A dakata."

Aka duba gabas, aka duba yamma, ba kowa. Sai rairayi ya motsa, idanu biyu suka ɓullo. Malam Faifai ne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ku daga gefe kuke kallon mutum, ni daga ƙasa nake kallo. Wanda ya cije ni, bakinsa a ƙarƙashin hanci yake, da fiƙa biyu a ɓoye. Wannan kuwa bakinsa a gaba yake, ɗan tsukuku."

Sarki ya ce, "To me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

Ya ce, "Tun ɗazu nake faɗa, ranka ya daɗe. Dogarinka ne ya zauna a kaina."

Aka bazama nema. Aka samo Barmo bayan dutse yana tausa leɓe. Aka tsayar da shi kusa da Tanimu. Kai, kamar an tsaga kara! Sarki ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce, "Wane ne Tanimu a cikinku?"

Tanimu ya ce, "Ni ne Tanimu."

Barmo, da mataccen leɓensa, ya ce, "Ni ne Canimu."

Sarki ya ce, "Buɗe baki mu gani."

Barmo ya datse baki ya ce, "Uhm-uhm. Mula nake yi."

Sarki ya ce, "Mura? To ba sai ka buɗe ba. Ku biyun ku shiga nawa bakin. Wannan ya gyara dama, wannan ya gyara hagu. Aiki zai nuna mai shi."

Suka shiga. Tanimu ya kama aikinsa, tsaf-tsaf, haƙori bayan haƙori. Barmo ya tsinci ƙwarƙwata ɗaya, ya ji ɗaci, ya tofar. Ya ɗaga kai, sai ya hango belun Sarki yana reto a maƙogwaro, ja wur, mai maiƙo.

Ya ce a ransa, "Barmo, kar ka ciza. Sarki ne." Ya kau da kai.

Belu ya yi reto. Barmo ya sake ce wa kansa, "Barmo, kar ka ciza. Rai ɗaya gare ka." Ya rufe ido.

Belu ya sake reto, har ya shafi hancinsa. Barmo ya ce, "To, ɗan lasa kawai." Sai gatsau!

Sallau ya ce, "Kaka, kifi yana da belu?"

Kaka ta ce, "Wannan Sarki ne, yana da shi."

Tanimu ya ji maƙogwaro ya girgiza. Da ma ya san hanya, sai ya yi wuf ya fice ta kunne. Sarki ya ja ruwa, ya ja ruwa, sai atishawa! Fada ta kaɗa. Dogarai suka wuntsila. Talibambam ya sake kumbura, ya toshe ƙofar fada, ba shiga ba fita. Barmo kuwa ya fito da baya kamar kibiya, ya bi ta taga, ya je ya afka ramin tsutsa a jikin dutse. Wutsiya a ciki, kai a waje.

Sarki ya ce da Tanimu, cikin wata 'yar siririyar murya, "Ka yafe mana." Goggo Aku ma ta ce, "Ɗan nan, ka yafe mini. Ko za ka ɗan daidaita mini abin da ya rage?" Tanimu ya share hawaye, ya daidaita mata wutsiya, ta tafi tana rangwaɗa.

Da gari ya waye, sai uwargidan Sarki ta fito tana guɗa. Ashe shekara da shekaru Sarki minshari yake yi, ba ta taɓa barcin kirki ba. Tun da aka cire belun nan kuwa, shiru kake ji. Ta ce, "Wallahi sai an yi wa yaron nan sarauta." Sarki ya ce a naɗa shi Sarkin Belu. Aka ɗauki rawani, dogarai a gaba, makaɗa a baya, aka nufi ramin Barmo.

Barmo ya leƙo, ya hango dogarai. Ya ce, "Shi ke nan, sun zo haɗiye ni!" Sai ya shige.

Suka ce, "Barmo, fito, alheri ne!"

Ya ce daga ciki, "Ba ya nan!"

Suka ce, "Rawani muka kawo maka!"

Ya ce, "Ya yi tafiya!"

Suka ce, "To wa ke magana?"

Ya ce, "Tsutsa ce!"

Suka jira har suka gaji, suka koma da rawaninsu. Har yau jikokin Barmo a rami suke zaune, wutsiya a ciki, kai a waje. In sun ga an taho, sai su shige.

Ƙurunƙus kan kusu, yau har da kan ɗan kifi.

Kaka ta ce, "Kun dai gani. In mutum ya saba cutar jama'a, ko alheri aka kawo masa gudu zai yi. Kuma kar ku yarda da mutum don rigarsa kawai, ku dubi aikinsa."

Sallau ya rufe baki da hannu biyu ya ce, "Kaka, ni dai gobe ba ni zuwa aski."