Motar Ciyaman Ta Zama Ta Kasuwa

An yi wani ciyaman da ya ƙudurta tashin kasuwar Gidan Jatau. Ya ce mai ƙorafi ya rubuto ta intanet, wanda ya yi shiru kuma ya yarda. Garin kuwa ko tsamiya ka hau babu sabis.

Ranar tashin yana isowa, sai Marka mai waina ta fara loda masa tanda da itace a mota.

Ya ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mu ma mun nemi ra'ayi a kan motarka ta zama ta kasuwa. Muka ce mai ƙorafi ya zo bakin rijiyarmu ya yi magana. Ba ka zo ba."

"Ni ina na ji?"

"Inda muka ji naka. Matsa, saura akuya."