Mutumin da Ya Cire Alama

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, ba zan faɗi sunansa ba, don ba tonon asiri na zo yi ba. Allah ya ba shi kai. Shi da wani abokinsa da ake ce wa Dogo suka zauna suka ƙirƙiri manhajar gyaran hoto da bidiyo a waya. Ka ɗauki hotonka a duhu ta haskaka maka, ka ɗauki bidiyo hannunka na rawa ta daidaita shi. Abu ne mai amfani, ba wanda zai ce haram ne.

A ɗakin mahaifiyarsa suka fara. Tela ce, mijinta ya rasu tun yaron yana rarrafe, da keken ɗinki ta raine shi. Tana da tabo a kuncin hagu, inda dutsen guga ya taɓa ƙona ta. Ita ta ture yadikanta gefe ta ba su rabin teburin yanka suka ɗora kwamfuta. Ranar da manhajar ta fara aiki suka jingina waya a bakin taga suka ɗauki hoto su uku a gaban keken: shi, da Dogo, da Inna a tsakiya tana dariya.

To, akwai abu ɗaya da Dogo ya kafe a kai tun farko. Duk hoton da aka taɓa, duk bidiyon da aka gyara, manhajar tana manna masa wata 'yar alama a kusurwa, da wata a ɓoye a cikinsa wadda ba ta goguwa. Kowa ya gani ya san an taɓa wannan. Dogo ya ce in babu ita, wuƙa suke rabawa mutane ba kube.

Mutum dubu suka sauke manhajar, sai dubu ɗari, sai miliyan. Suka bar ɗakin Inna suka kama ofis a hawa na bakwai, bango duk gilashi, ma'aikata arba'in kowa da kujerarsa mai juyawa. Suka ƙaro dabaru. Yanzu manhajar tana iya cire mutum daga hoto kamar bai taɓa tsayawa a wurin ba. Tana iya ɗora fuskar wani a jikin wani, ta sa bakinsa ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Sai masu zuba jari suka zo da kuɗi masu nauyi da sharaɗi guda. Suka ce alamar nan ce ke korar mutane, a cire ta, masu saukewa za su ninka goma. Dogo ya ce ba da shi ba. Mutuminmu ya yi kwana uku yana juya maganar, ya san gaskiya sarai, ba wai bai sani ba. A rana ta huɗu ya sa hannu. Aka cire alama, aka sallami Dogo.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko hoton nan na su uku, ya shafa yatsa a kan Dogo, Dogo ya ɓace. Ya shafa a kan keken ɗinki da bangon da ya tsage, suka koma farin bango mai sheƙi. Ya ga tabon Inna bai dace da bangon ofis ba, ya share shi ma. Ya sa aka buga hoton ƙato aka rataye a bakin ƙofa, ya goge na asali daga wayarsa.

Wata rana ya kawo Inna ta ga ofis. Ta daɗe a gaban hoton.

Ta ce, "Ina Dogo? Ai nan yake tsaye, hannunsa a kafaɗata."

Ya ce, "Inna, gyara ne kawai, haka ake yi yanzu."

Ta ce, "To wannan matar fa, wace ce?"

Ya yi dariya, ma'aikata suka taya shi. Ita ba ta yi ba.

Masu saukewa kuwa suka ninka, kamar yadda aka yi masa alkawari. Amma me ya biyo baya? Wasiƙu suka fara shigowa. Ga malamar makaranta da aka ɗora fuskarta a bidiyon batsa, aiki ya tafi, aure ya tafi. Ga direban da aka sa shi a hoton wurin da bai taɓa takawa ba, yana tsare. Malamar nan da ƙafarta ta hau bene bakwai, ta ce ba kuɗi take so ba, takarda ɗaya take so da za ta ce bidiyon nan haɗa shi aka yi. Ya so ya ba ta, wallahi ya so. Lauyan kamfani ya ce in ka ba ɗaya, dubu za su zo. Injiniyoyi suka ce ko sun so ba za su iya tabbatarwa ba, tunda alamar babu. Matar ta sauka tana kuka, shi kuma ya koma taro.

Daga nan ya gane ya shiga abin da ba ƙofar fita. Ya ce a maido da alama, masu jari suka nuna masa takardar da ya sa wa hannu. Ya ce zai ajiye aiki, suka nuna masa shafin da ya hana shi tafiya, da wanda ya hana shi magana. Sunansa shugaba, amma ko hira ba ya yi sai an rubuta masa abin da zai ce. Yana zaune cikin ɗakin gilashi, kowa yana ganinsa, ba wanda zai iya faɗa wa abin da ke cinsa. Abinci ya daina shiga, hawan jini ya kama shi yana ɗan shekara talatin da huɗu.

Sai abin ya zagayo gida. Wani ma'aikaci da aka kora ya haɗa bidiyo da manhajar kanta. Ga fuskar mutuminmu, ga muryarsa, ana tambayarsa labarin iyayensa yana cewa, "Ni maraya ne, ba ni da kowa. Wata tsohuwar tela ce ta riƙe ni, kuma na sallame ta." Bai taɓa faɗin haka ba. Amma da me zai nuna?

Kafin yamma maƙwabta sun kai wa Inna a waya. Ƙanwarta ta kira shi ta ce yayarta ta kwanta, ba ta ci ba ta sha. Ya kamata ya tashi a take ya je ya durƙusa a gabanta. Amma ana taron gaggawa, lauyoyi sun ce kada ya fita har ƙura ta lafa. Sai ya yi abin da ya saba. Ya ɗauki bidiyo yana rantsuwa yana hawaye, ya tura.

Ƙanwar ta nuna mata. Inna ta kalla har ƙarshe, ta mayar da wayar.

Ta ce, "Wannan ma wa ya san ko shi ne? Na ga ya goge Dogo da idona. Wanda ya iya wancan, ni ce zan yi masa wuya?"

Kwana biyu yana cewa gobe zai je. A na uku aka kira shi aka ce ta cika.

Bayan an yi mata sutura ya zauna a ɗakinta, kusa da keken, ya buɗe waya yana neman fuskarta. Hotunanta sun fi ɗari biyu. Amma wayarsa ya saita ta tana gyara duk hoton da ya shiga da kanta. Kowanne ya buɗe sai ya ga wata mata mai sumul ɗin fuska, ba tabo, ba tamoji, ba gibin da take dariya da shi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, babu uwarsa a ciki.

Dogo ya zo gaisuwa. Bai yi masa gori ba. Ya ciro wani ƙaramin hoto daga aljihu, gefensa duk ya lanƙwashe, ya ajiye a kan teburin yanka ya fita. Su uku ne, ga keke, ga tsagaggen bango, ga tabo. Mutumin nan ya kifa kai a kan teburin ya yi kukan da ba ya maido da komai. Wata bai cika ba kamfanin ya sallame shi, suka cire hotonsa daga bakin ƙofa.

Ya 'yan uwa, fasaha ba laifi ba ce, neman arziki ba laifi ba ne. Laifinsa shi ne ya san gaskiya ya sayar da ita, ya ci amanar abokinsa, ya buɗe wa masu ƙazafi ƙofa, ya kuma ji kunyar fuskar da ta raine shi. Ya hana wata baiwar Allah shaida, ranar da ya nemi shaida ya rasa. Kai da ke riƙe da waya yanzu, me ka goge? Me ka tura wa jama'a ba ka tabbatar ba? Akwai ranar da za a buɗe na asali, yatsan da ya shafa shi zai ba da shaida, kuma ba manhajar da za ta taɓa shi. Wanda uwarsa ke raye, ya tashi ya je da ƙafarsa yau.

Allah ya kiyaye mu daga ƙarya da cin amana, ya sa iyayenmu su bar duniya suna masu yarda da mu. Amin.