Butar Dakta Bilyaminu

Akwai wani dattijo mai suna Malam Mainasara, mutumin garin Banga, da ke riƙe da makullin sito na ɗakin gwaje-gwaje a wata kwaleji da ke yankin Ƙauran Namoda. Lokacin Zamfara ba ta daɗe da zama jiha ba, Shari'a kuma na sabuwarta.

Aikinsa ɗaya ne: sinadari mai haɗari ba ya fita sai da takardar da kwamitin kula da lafiya ya sa wa hannu.

Sai aka kawo sabon malami, Dakta Bilyaminu. Ilimi kam akwai shi, amma girman kai ya fi ilimin yawa. Ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa.

Wata Litinin ya zo neman ruwan soda mai ƙarfi, zai koya wa ɗalibai haɗa sabulu. Ruwan nan fari ne tas kamar na famfo, ba ya da wari, amma yana cin fata.

Mainasara ya miƙa masa takarda. "Ranka shi daɗe, cika wagga. Kwamiti na zama ran Laraba."

"Mi kac ce? Ni za ka koya ma aiki? Kai da ko sakandare ba ka gama ba?"

Ya cilla masa takardar a fuska gaban ɗalibai, suka fashe da dariya. Dattijon ya duƙa ya ɗauke ta, ya sa a aljihu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don har da jikanyarsa cikin masu kallo.

Dakta bai tsaya nan ba. Ya kai ƙara cewa tsohon na hana karatu. Washegari aka karɓe makullin, aka tura Mainasara gadin ƙofa cikin rana.

Dakta ya buɗe sito da kansa. Bai tsaya neman kwalba mai lakabi ba, sai ya ɗauki wata buta da ya gani a baranda ya cika ta da sodar. Da aka gama darasi ya ajiye butar da ragowar sodar a bakin ƙofar ɗakin gwaje-gwaje.

Abin da bai sani ba, don bai taɓa kula da ƙananan ma'aikata ba, shi ne Iyatu mai shara kullum kafin Azahar takan tattara duk butocin wurin ta jera su a bakin famfo. Ta ji wannan da nauyi, ta ɗauka wani ne ya riga ya cika ta da ruwa, ta jera ta da sauran.

A wancan lokacin ba mai son a gan shi ya makara sallar jam'i. Dakta ya fito da sauri, zufa na shiga masa ido. Ya sunkuci buta, ya cika tafi, ya watsa a fuska tun kafin ya fara alwala.

Ihunsa har bakin ƙofar kwaleji. Mutane suka yi cirko-cirko. Mainasara ne ya rugo, ya danna kan Dakta ƙarƙashin famfo, yana buɗe masa idanu da yatsu, har aka samo mota. An kai shi Gusau, an wuce Sakkwato. Idanun ba su dawo ba.

Bayan wata uku matarsa ta jawo shi da hannu ya zo kwashe littattafansa. An riga an mayar wa Mainasara makullinsa. Dakta ya ji muryarsa, ya tsaya.

"Baba, takardar nan da ni jefe ka da ita, mi anka rubuta ciki?"

Dattijon ya ciro ta daga aljihu. Ya karanta layin farko: "Kada a zuba sinadari a mazubin ruwan sha ko na alwala."

Ya miƙa masa ita. Dakta ya karɓa, yana ta shafa ta da yatsu.

Darasi: Dokar da ka raina, kai ta zo karewa, kuma wanda ka wulaƙanta yana iya zama shi kaɗai zai rugo gare ka. Tura wa duk mai ganin jiran sa hannu ɓata lokaci ne.